An dakatar da ni daga aiki, an kira ni zaman ladabtarwa, zuciyata ta ƙi zuwa

Assalamu alaikum Yaya. Ni magidanci ne a Garwa ta ƙasar Kamaru, ina da mata da 'ya'ya uku, kuma uwargida tana da juna biyu. Shekara 7 ke nan ina riƙe da sito a wani kamfani mai sayar da kayan masarufi a sari, albashina sefa 120,000 a wata. Da aka yi ƙidayar kaya a ƙarshen watan jiya sai aka ce buhun shinkafa 40 sun yi ɓatan dabo. Washegari aka miƙo mini takardar dakatarwa, an rubuta wai sai an gama bincike, ba a sa ranar dawowa ba. Yau mako uku ina zaune, ba albashi.

Wallahi ban ɗauki ko ƙwaya ba. Makullin sito biyu ne, ɗaya a hannuna, ɗaya a hannun shugaban sashenmu, wanda ɗan'uwan mai kamfanin ne. Inda na san na yi sake shi ne, yakan kira ni a waya ya ce in saki kaya ga direba, takardar fitarwa za ta biyo baya. Wani lokaci ta biyo, wani lokaci shiru, ni kuma ban iya matsa masa ba.

Makon jiya suka kira ni gaban kwamitin ladabtarwa, ban je ba. Raina ya ɓaci, na ga kamar in je in tsaya a gabansu yarda ce da cewa ni ɓarawo ne. Yanzu sun sake aiko da takarda ta hannun usiye, wato mai kai takardun shari'a, wai ranar Alhamis mai zuwa. Abokaina sun ce an riga an yanke hukunci, zuwa ɓata lokaci ne, wani ma ya ce tarko ne, ina shiga za su kira jandarma. Kawuna da ya samo mini aikin ya ce in bar masa, zai ga mai kamfanin. Matata ba ta san komai ba, kullum nakan fita da safe in yi haya da babur ɗin wani abokina, in dawo da yamma kamar daga aiki nake. Ni dai na san ciki da gaskiya wuƙa ba ta huda shi. Idan na sake ƙin zuwa me zai faru? Ko in rubuta takardar ajiye aiki in huta?

Ƙaninka daga Garwa

Wa alaikumus salam ƙanena. Na karanta wasiƙarka, kuma ɓacin ranka bai ba ni mamaki ba. Mutumin da ya shekara 7 yana buɗe sito da safe yana rufewa da yamma, ana ba shi amanar dukiyar da ta ninka albashinsa sau ɗari, rana ɗaya a dube shi da idon zargi, dole abin ya yi masa ciwo fiye da rashin albashin. Ban ga laifinka ba da zuciyarka ta tashi. Amma tambaya ka yi mini, kuma ba zan yi maka kwana-kwana ba: ranar Alhamis ka je. Ka je da shiri, ka je da ɗan rakiya, ka je da takarda a hannu. Takardar ajiye aiki kuwa kada ka rubuta ta, ko da wasa.

Bari in fara da abin da zai faru in ka sake zama a gida, tunda shi ka fi son sani. Rashin zuwanka ba ya hana zaman. Za su zauna, su jira ka na ɗan lokaci, sakatare ya rubuta cewa an kira ka sau biyu, na biyun ta hannun usiye, ba ka zo ba kuma ba ka aiko da uzuri ba. Daga nan a karanta rahoton ƙidaya, a saurari shugaban sashenku, shi kaɗai, babu mai ce masa "ranar kaza ba kai ka kira ni ba?" Abin da ya faɗa shi zai shiga takarda, kuma wannan takarda ita ce za ta rayu bayan kowa ya manta da yadda aka yi. Ka lura da cewa ba banza suka biya usiye ya kawo maka kira na biyu ba. Usiye ma'aikacin shari'a ne, shaidarsa tana da nauyi a kotu. Wanda ya ɗauko shi yana tara hujja ne don gaba, yana so in an je gaban alƙali ya ce: mun ba shi dama har sau biyu, shi ya ƙi.

Akwai abin da ya fi wannan muni. A yau abin da suke da shi a kanka zargi ne mai rauni, domin makulli biyu ne, kuma ba wanda ya gan ka da buhu a ka. In sun kore ka a kan sata, su ne za su nuna wa kotu hujja, kuma a yadda ka ba ni labari abin zai yi musu wuya. Amma dakatarwa ba kora ba ce. Har yanzu kai ma'aikacinsu ne, an jingine aiki da albashi ne kawai, igiyar da ke tsakaninku ba ta tsinke ba. Ma'aikaci kuwa in uban gidansa ya kira shi a kan maganar aiki ya ƙi zuwa, sau ɗaya, sau biyu, ba tare da dalili ba, ya ba da sabon laifi da hannunsa: ƙin bin umarni, wasu kamfanonin ma su rubuta cewa ya gudu ya bar aiki. Wannan laifin ba ya bukatar ƙidayar buhu ko shaidar direba, takardar usiye kaɗai ta ishe su. Kai da kake ganin zamanka a gida kare mutunci ne, a zahiri kana sauƙaƙa wa wanda yake son ya ɗora maka kayan da ba naka ba.

Ga yadda abin yake a kuɗi, don ka ga girman abin da kake shirin bari a kan tebur. Dokar ƙwadago ta Kamaru, wadda aka sa wa hannu ranar 14 ga Agusta 1992, ta raba kora gida biyu. In an sallami mutum ba a kan babban laifi ba, wato abin da takardunsu ke kira fot lurd, sai an ba shi wa'adin sanarwa kafin ya bar aiki ko kuɗin wa'adin, kuma in ya kai shekara 2 a wurin sai an biya shi kuɗin sallama. Ƙa'idojin da ma'aikatar ƙwadago ta fitar a watan Mayun 1993 sun ce ma'aikacin da ke rukuni na 1 zuwa na 6 a jerin matakan aiki, in ya wuce shekara 5, wa'adinsa wata 2 ne. Kuɗin sallama kuma kashi 20 cikin ɗari ne na matsakaicin albashin wata a kan kowace shekara daga ta 1 zuwa ta 5, sannan kashi 25 daga ta 6 zuwa ta 10. In muka ɗauka kana cikin waɗannan rukunai, a albashinka na 120,000 da shekara 7, wa'adi ya kama 240,000, sallama ta kama 180,000, jimla 420,000. Wannan shi ne mafi ƙaranci, yarjejeniyar gama-gari ta ma'aikatan kasuwanci, wato wadda ƙungiyoyin ma'aikata suka ƙulla da masu kamfanoni, tana iya ba ka fiye da haka. In kuwa aka rubuta babban laifi, duka biyun sun tafi. Sannan idan kotu ta ga korar zalunci ce, akwai diyya, wadda dokar ta ce ba za ta gaza albashin wata 3 ba, ba kuma za ta wuce albashin wata ɗaya a kan kowace shekarar aiki ba. A wurinka tsakanin 360,000 da 840,000 ke nan. Mai ciki a gida da yara uku ba su da halin a yi musu asarar wannan don fushi.

Takardar ajiye aiki ita ce hanya mafi sauri ta rasa wannan duka. Wanda ya ajiye da kansa ba shi da kuɗin sallama, ba shi da bakin cewa an kore shi bisa zalunci, kuma in ya tafi nan take ba wa'adi, kamfani na iya cewa shi kamfanin ne ma yake bin sa kuɗi. Ga kuma bakin mutane. A kasuwar Garwa, inda masu sari duk sun san juna, mai sito da ya ajiye aiki ana tsakiyar binciken buhu 40 ba wanda zai ce ya yi zuciya, cewa za a yi ya gudu.

Yanzu ga inda kake da gaskiya, kuma ina so ka riƙe ta da kyau. Sashe na 30 na dokar ya hana uban gida cin ma'aikaci tara. Horo ɗaya da ya yarda da shi wanda ke taɓa albashi shi ne dakatarwa, mizapiye, kuma ya ɗaure ta da sharuɗɗa: kada ta wuce kwanakin aiki 8, a faɗi tsawonta tun lokacin da aka yanke ta, a ba ma'aikaci a rubuce tare da dalili, a kuma sanar da sufeton ƙwadago, jami'in gwamnati mai sa ido a kan bin dokar aiki, cikin awa 48. In ɗaya ya faɗi, horon ya ɓaci. Taka ba ta da ranar ƙarewa, kuma ta kai mako uku. Na san abin da za su ce: wai wannan ba horo ba ne, an ɗan janye ka ne don bincike ya tafi daidai. Kamfanoni suna yin haka, amma ba su da ikon ajiye magidanci ba albashi har illa masha Allahu da sunan bincike. In kuma suka ce horo ne, to sai su amsa tambayar yadda za a hori mutum sau biyu a kan laifi ɗaya, a dakatar da shi sannan a kore shi. Ko ta wane gefe suka bi, kana da abin faɗa. Sai dai wannan hujja a rubuce take aiki, a gaban kwamitin da gaban sufeto. Ba ta aiki daga kan babur. Kuskurensu bai zama lasisin naka kuskuren ba, kuma alƙali yana iya ba ka albashin makonnin nan uku ya kuma tabbatar da korar saboda ƙin amsa kira.

Abokanka da suka ce an riga an yanke hukunci, mai yiwuwa sun yi gaskiya. Ba zan yaudare ka da cewa kwamitin da ɗan'uwan mai kamfani ke da baki a ciki zai yi maka adalci tsantsa ba. Amma ko da sun gama shawara tun jiya, zuwanka yana da amfani, domin ba su kaɗai kake yi wa magana ba. Duk abin da ka faɗa aka rubuta, sufeton ƙwadago zai karanta shi, bayansa alƙali. Su ne masu sauraronka na gaske. Dokar ta ce ko uban gida ya kira abu babban laifi, kotu ce ke da maganar ƙarshe a kan ko ya kai ko bai kai ba. Alƙalin da ya buɗe fayil ya ga ma'aikaci ya zo, ya yi bayani dalla-dalla, ya kawo ranaku da sunayen direbobi, ya nemi a duba makulli na biyu aka ƙi, ba zai dube shi kamar wanda aka kira sau biyu ya ɓace ba. Kuma kada ka raina abin da ke iya faruwa a ɗakin kansa. Ba kowa a kwamitin ne ya san ana sakin kaya da umarnin waya ba. Wataƙila mai kamfanin ma bai sani ba, abin da ɗan'uwansa ya faɗa masa kawai ya ji.

Maganar jandarma ba zan ce tsoron banza ba ne, ana yi. Amma ka duba da kyau: in suna son kai ƙara, ba sa bukatar ka zo ofis. Sun san unguwarku, tunda usiye ya same ka. Ƙin zuwa ba ya kare ka daga sammaci, yana ƙara wa mai ƙara abin faɗa ne kawai, ya ce tun da abin ya faru yake ɓuya. Zargin cin amana ba ƙaramin abu ba ne a dokar hukunta laifuka, akwai ɗauri mai tsawo a kansa, shi ya sa nake so tun yanzu a san ka a matsayin wanda ya fito fili ya yi bayani. Abin da za ka yi shi ne ka sanar da wani babba a gidanku lokaci da wurin zaman, ka bar kwafin duk takardunka a gida, ka riƙe lambar wanda za a kira in wani abu ya taso. In da hali, ka ga lauya ko jami'in ƙungiyar ƙwadago kafin ranar, ko na rabin awa ne.

Sai mu zo wurin da ya fi nauyi a wasiƙarka, kuma na yaba maka da ka faɗe shi da kanka. Sakin kaya ba takarda sakaci ne, kuma za su ɗauko shi. Ka sa kanka a matsayin mai kamfanin na minti ɗaya. Buhu 40 ba wasa ba ne, dukiyarsa ce, ya ajiye mai sito ne musamman don kada buhu ya fita sai da takarda. Yana da haƙƙin ya tambaya, yana da haƙƙin ya kira zama, kuma kiran da ya yi maka ba zagi ba ne, ko da yadda aka yi dakatarwar bai dace ba. Saboda haka kada ka je da niyyar musanta komai. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ka ce: e, na saki kaya da umarnin shugabana ta waya, ga ranakun, ga direbobin, ga waɗanda takardarsu ta biyo baya, ga waɗanda ba ta biyo ba. Tsakanin ma'aikacin da ya bi umarnin na gaba da shi ya yi sake da takarda, da wanda ya kwashi kaya ya sayar, akwai tazara mai nisa, a wurin Allah da wurin doka. Na farko yana iya samun gargaɗi ko dakatarwar 'yan kwanaki, ko a mafi tsanani sallama da haƙƙoƙinsa. In ka ɓoye wannan suka tono shi da kansu, duk sauran maganarka ta zube.

Game da shugaban sashen, ka kama bakinka daga kiransa ɓarawo. Ba ka gan shi ya ɗauka ba, kamar yadda ba a gan ka ba, kuma zai yiwu shi ma sakaci ne ya yi, ya ba wani ɗan kasuwa kaya bashi ya manta bai rubuta ba, ko yana jin tsoron faɗa wa ɗan'uwansa. Kai dai ka jera abin da ya faru, ka yi tambayoyi: wa ke riƙe da makulli na biyu, yaushe aka yi ƙidayar da ta gabaci wannan, ina littafin mai gadi da ke rubuta motocin da suka fita, an tambayi direbobi ko ba a tambaye su ba, an gwada takardun fitarwa da rasiɗan masu saye. Tambaya irin wannan ta fi zargi ƙarfi, kuma ba wanda zai kama ka da ɓata suna. Ka kuma nemi, cikin ladabi, a rubuta cewa wanda ke da hannu a maganar bai kamata ya zauna cikin masu yanke hukunci ba, ya zo a matsayin mai ba da bayani kamar kai.

Kafin Alhamis akwai aiki a gabanka, kuma ka fara yau. Ka rubuta wa shugaban kamfanin gajeriyar wasiƙa da Faransanci, in hannunka bai faɗa ba ka sami wanda ya iya. Ka ce ka karɓi kiran, za ka zo, kana ba da haƙuri a kan rashin zuwanka na farko wanda ruɗewa da ɓacin rai suka jawo. Kada ka ƙirƙiro ciwon da ba ka yi ba, ƙarya ɗaya a nan tana iya rusa maka komai. A cikin wasiƙar ka nemi a ba ka abin da ake tuhumarka da shi a rubuce, da kwafin rahoton ƙidaya, da dokar cikin gida ta kamfanin, domin a can ne da yarjejeniyar gama-gari ake tsara yadda kwamitin ladabtarwa ke zama, su wa ke ciki, da wanda ke da izinin raka ka. Ka ƙara layi ɗaya cewa kana nan a shirye ka koma bakin aiki duk ranar da aka ce, kana kuma neman a faɗa maka matsayin dakatarwar da ranar ƙarewarta. Wannan layin shi ke toshe bakin mai cewa ka gudu. Ka yi kwafi biyu, ka kai da kanka, a buga maka hatimi da kwanan wata a kan naka. In sun ƙi karɓa, kai ma usiye yana aiki da kuɗinka kamar yadda ya yi da nasu.

Daga nan ka nemi delege, wato wakilin ma'aikata. Duk wurin aikin da ke da ma'aikata 20 ko fiye doka ta ce a zaɓi wakilan ma'aikata, kuma aikinsu ke nan, kai koken ma'aikaci gaban uban gida da gaban sufeto. Delege yana da kariyar da kai ba ka da ita, ba a korarsa sai da izinin sufeton ƙwadago, don haka yana iya faɗin abin da sauran abokan aikinka ke tsoron faɗa. Ka zauna da shi, ka ba shi labari kamar yadda ka ba ni. Sannan ka je ofishin sufeton ƙwadago da ke nan Garwa, a ƙarƙashin wakilcin ma'aikatar ƙwadago na jihar Arewa, ka nuna takardar dakatarwar, ka tambaya ko an sanar da su kamar yadda doka ta ce. Ba ƙara ka kai ba tukuna, shawara ka je nema, kuma ba a biya. Wayarka kuma ka kiyaye ta kamar idonka: jerin kiran da shugaban ya yi maka, saƙonnin WhatsApp, muryoyin da ya aiko, kada ka goge ko ɗaya. Ka ɗauki hotonsu ka tura wa wani amintacce, ka buga muhimman a takarda.

A ɗakin zaman, ka riga su isa, ka yi sallama, ka zauna inda aka nuna maka. Ka zo da bayaninka a rubuce, shafi ɗaya ko biyu, ka karanta, ka miƙa, ka nemi a haɗa shi da rahoton zaman. Za a faɗi maganar da za ta sosa maka rai, wataƙila da gangan. In ka ɗaga murya ko ka buga tebur, abin da za a rubuta ke nan, a manta da buhunan. In tambaya ta ruɗe ka, ka ce a maimaita, in ba ka tuna ba ka ce sai ka duba takarda. A ƙarshe za a miƙo maka rahoto ka sa hannu. Ka karanta shi tun daga farko har ƙarshe, ko za a ce kana ɓata lokaci. In an bar wani abu da ka faɗa, ka nemi a ƙara, in an ƙi ka rubuta da hannunka a saman sa hannun cewa ba ka amince da duk abin da ke ciki ba, bayaninka na rubuce yana haɗe. Abu biyu kuwa ko an yi maka daɗin baki ko barazana kada ka sa musu hannu a wurin: takardar amsa bashin buhunan, da takardar ajiye aiki. Sau da yawa akan ce wa mutum "sa hannu kawai a riƙa cira kaɗan-kaɗan daga albashi, magana ta mutu". Doka ba ta ba uban gida damar yanke albashi don kansa ya ga dama ba, shi ya sa yake bukatar hannunka. Ranar da ka sa shi, ka amsa laifin da ka rantse ba ka yi ba, kuma takardar tana iya zama hujja a gaban jandarman da kake tsoro. Ka ce a ba ka kwafi ka je ka yi shawara.

Idan wani uzuri na gaskiya ya taso, kamar ciwo ko haihuwar uwargida ta zo a ranar, ba shiru za ka yi ba. Ka rubuta tun kafin lokacin zaman, ka haɗa da takardar likita, ka nemi a ɗaga, ka ba da ranar da za ka iya zuwa, ka kuma aika bayaninka na rubuce ta hannun delege. Wannan hanya ce ta larura, ba ta kai zuwa da kanka ba, musamman ga wanda ya riga ya ƙi zuwa sau ɗaya. In kuma bayan zaman ka ga zama a kamfanin ba zai yiwu ba, ko an wanke ka, akwai rabuwa ta sulhu: a zauna a yi lissafin haƙƙoƙinka, a rubuta cewa ba a bin ka komai a kan kayan, a sa hannu a gaban sufeto. Ka lura da kyau kafin ka sa hannu a can, domin sulhun da aka rubuta a gaban sufeto yana ɗaure kowa, ba a dawowa daga baya a ce an manta wani abu.

Kawu kuma kada ka hana shi. Mu a wurinmu babba in ya shiga magana yana kashe wutar da takarda ba ta iya kashewa, kuma sunansa ma yana ciki tunda shi ya tsaya maka. Amma ka gaya masa komai, har da sakin kaya ta waya, kada ya je ya rantse a kan abin da bai sani ba ya ji kunya. Ka roƙe shi abu biyu: kada ya je neman afuwa kamar an kama ka da laifi, kada kuma ya yi alkawarin dangi za su biya. Abin da zai nema shi ne a yi bincike na gaskiya, a saurari kowa. Kuma ko mai kamfanin ya ce masa "ba komai, ya zauna a gida, za mu duba", kai dai ka je ranar Alhamis, sai fa in an ba ka a rubuce cewa an soke zaman. Maganar da aka yi a zaure ba ta shiga fayil.

Uwargida kuwa, ƙanena, ka gaya mata yau da dare. Na gane dalilinka, ba ka so ka tayar mata da hankali da ciki a jikinta. Amma usiye ya riga ya zo, abokanka sun sani, ana ganinka a kan babur a gari. Labarin zai kai mata, kuma in ta ji a bakin maƙwabciya da ƙarin gishiri, ciwon zai zama biyu, na aikin da na ɓoyewar. Ka zaunar da ita ka ce an sami matsala a wurin aiki, ba ka ci amanar kowa ba, ga matakan da kake ɗauka. Ita ce za ta san yadda za a ja cefane ya kai, kuma kai ma za ka shiga ɗakin nan da sauƙin zuciya in ba ka ɗauke da sirri biyu. Hayar babur ba abin kunya ba ce, neman halal ne, ka ci gaba da ita kafin abin ya warware. Abin da za ka guje wa shi ne karɓar aiki a sito ko shagon wani mai sari yanzu, don kada a ce ka koma wurin abokin gasa tun ba a sallame ka ba.

In hukunci ya fito kora ce, dole su ba ka a rubuce tare da dalili. Ka karɓa, ka sa hannu a kan ka karɓa kawai, da kwanan wata. Ka nemi takardar shaidar aiki, wadda doka ta wajabta a ba ka ko mene ne dalilin rabuwar, kuma abin da ake rubutawa a ciki shi ne ranar shigarka, ranar fitarka da ayyukan da ka riƙe, ba a sa laifi. Ka leƙa CNPS, hukumar da ke riƙe kuɗin fanshon ma'aikata, ka tabbatar an zuba maka kuɗin shekarun nan 7, domin watannin da aka zuba naka ne, kora ba ta share su. Sannan ka kai kokenka a rubuce ga sufeton ƙwadago, wanda zai kira ku sulhu. Ba a tsallake wannan mataki, sai da takardarsa ta rashin sulhu kotu ke karɓar ƙarar, kuma shari'ar ƙwadago kyauta ce ga ma'aikaci. Albashin da aka riƙe maka kana da shekara 3 ka neme shi, amma kada ka jira ko wata ɗaya, tun direbobi da mai gadi suna tuna abin da ya faru, tun kuma littafin ƙofa bai ɓata ba.